Wa ke ɗaukar nauyin abin da ba a gani? Fashin baƙi kan kuɗin makarantun Yahudawa a Amurka

A shekarar 2016 wasu ƙungiyoyi biyar da ke yi wa makarantun Yahudawa hidima a Arewacin Amurka suka yi abin da ba kasafai ƙungiyoyi ke yarda su yi ba: kowacce ta ajiye sunanta da shugabancinta, suka narke suka zama guda ɗaya mai suna Prizmah. Huɗu daga cikinsu kowacce tana wakiltar wani ɓangare ne. RAVSAK tana kula da makarantun al'umma waɗanda ba su jingina da wata ɗariƙa ba. PARDES ta 'yan Rifom ce, wato masu sassaucin ra'ayi. Ƙungiyar makarantun Schechter ta 'yan Konsabatib ce, waɗanda ke tsaka-tsaki. Sai sashen haɗin gwiwa da makarantu na Jami'ar Yeshiva, wanda ya fi kusa da 'yan Otodoks na zamani, masu riƙo da dokokin addini tare da rungumar ilimin boko. Ta biyar ɗin, PEJE, ba ta ɗariƙa ba ce, aikinta koya wa makarantu yadda za su nemi kuɗi su kuma jawo ɗalibai.

Mutanen da ba sa yin ibada a majami'a ɗaya, waɗanda ba su ma yi ittifaƙi a kan wane ne Bayahude ba, me ya zaunar da su a ofis guda? Kuɗi ne. Amma kafin a kai ga nan sai an fahimci irin makarantar da ake magana a kanta.

Yaron Bayahude a Amurka yana da hanya biyu ta samun ilimin addininsa. Ko ya je makarantar gwamnati kyauta, da yamma ko ranar Lahadi ya leƙa majami'a a koya masa ɗan Ibrananci da tarihi, ko kuma ya shiga makarantar wuni, inda ake haɗa masa karatu biyu a rana ɗaya: Attaura da Talmud, wato kundin shari'a da sharhin malamansu na dā, da Ibrananci a wani ɓangare na yinin, lissafi da kimiyya da Turanci a ɗaya ɓangaren. Wanda ya san Islamiyya mai haɗa boko da addini ya riga ya gane fasalin. Wannan ta biyun ita ce maganarmu, kuma tsadarta daga fasalinta take. Makaranta ɗaya ce amma tana biyan malamai sahu biyu. Yininta ya fi tsawo, abincinta dole ya zama kosha, wato wanda ya bi ƙa'idar addinin, ga masu gadi a ƙofa. Shi ya sa a wasu manyan makarantun sakandare na New York kuɗin yaro ɗaya a shekara ya haura dala 40,000. Iyalin da ke riƙe da addini kuwa ba yaro ɗaya suke haifa ba.

Ƙidayar da gidauniyar AVI CHAI ta yi a zangon karatu na 2018 zuwa 2019 ta sami ɗalibai dubu 292 da 'yan kai a makarantu 906. Shekara ashirin kafin nan, a 1998, ba su wuce kimanin dubu 184 ba. Wanda ya kalli wannan adadi daga nesa zai ce harka ta bunƙasa. Sai dai in an tsattsage shi sai a ga labari biyu ne a ciki. Kusan duk ƙaruwar ta fito ne daga makarantun Haredi, masu tsananin riƙo da addini, waɗanda suka taru a Brooklyn da Monsey da garin Lakewood na jihar New Jersey. Su ne kusan kashi biyu cikin uku na ɗaliban baki ɗaya. A gefe guda kuma makarantun Schechter sun yi ta zubar da ɗalibai, har adadinsu ya ragu da kusan rabi tsakanin 1998 da 2013, wasu aka rufe, wasu suka sauke sunan suka koma makarantun al'umma. A riƙe wannan rabuwar, domin duk abin da zai biyo baya a kanta ya rataya.

To, mene ne ma wannan hidimar tallafi da ake ta sake wa fasali? Ita ce duk aikin da makaranta take buƙata amma ba za ta iya yi wa kanta ita kaɗai ba. Horas da sabon shugaban makaranta kafin ya gaji ya ajiye aiki. Rubuta manhajar Ibrananci da yaro ɗan shekara bakwai zai iya bi. Koya wa 'yan kwamitin amintattu, waɗanda galibi iyaye ne masu aikin sa-kai, yadda ake karanta kasafin kuɗi. Nemo ƙwararren da zai duba yaro mai jinkirin fahimta. Cike takardun gwamnati don karɓo kuɗin littattafai da na tsaro. Haɗa makarantu goma su sayi inshora tare don farashi ya sauka. Babu ɗaya a cikin waɗannan da uba zai gani in ya kawo ɗansa da safe, kuma a nan matsalar take. Attajiri yana son ya gina ɗakin karatu a kafa sunan mahaifinsa a bango. Wa zai kafa suna a kan taron horas da akawu?

Wannan aiki yana da tsohon tarihi. Tun a 1910 aka kafa ofishin ilimin Yahudawa na farko a New York ƙarƙashin Samson Benderly, daga nan manyan garuruwa suka yi ta kafa irinsa. Kuɗin waɗannan ofisoshi yana fitowa ne daga gamayyar taimakon al'umma, wato asusun da Yahudawan kowane gari ke zuba gudummawarsu ta shekara, a raba wa gidajen tsofaffi da marasa galihu da makarantu da kuma Isra'ila. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, da farko manyan waɗannan asusai ba sa ƙaunar makarantar wuni. A ganinsu makarantar gwamnati ce ƙofar da ɗan baƙon haure zai bi ya zama cikakken Ba'amurke, ware yara kuwa koma-baya ne. 'Yan Otodoks ne suka ɗauki abin da kansu, musamman bayan Rabbi Shraga Feivel Mendlowitz ya kafa Torah Umesorah a 1944, daidai lokacin da ake ƙarar da cibiyoyin ilimin Yahudawa na Turai da mutanen cikinsu.

Ra'ayi ya juya ne bayan wani binciken jama'a na 1990 ya nuna yawan auren Yahudawa da waɗanda ba Yahudawa ba. Hankalin shugabanni ya tashi, aka shiga neman abin da zai riƙe yara, sai makarantar wuni ta zama abar so. Kuɗi suka kwararo. A 1997 Michael Steinhardt da Rabbi Yitz Greenberg da wasu attajirai suka kafa PEJE don a buɗe sababbin makarantu. AVI CHAI, wadda Zalman Bernstein ya kafa a 1984 da dukiyar da ya tara a harkar hannun jari, ta zama uwa ma ba da mama: tana ba da bashin gini ba ruwa, tana biyan kuɗin manhaja da horas da shugabanni, ita ce ma ke biyan kuɗin ƙidayar da muka ambata.

Sai 2008 ta zo da masifa biyu a jere. Tattalin arziki ya durƙushe, iyayen da ke biyan cikakken kuɗi suka koma layin neman rangwame. A watan Disamba kuma damfarar Bernard Madoff ta fashe, ta cinye kuɗin ƙungiyoyi da makarantun Yahudawa da dama, har da Jami'ar Yeshiva, ta kuma talauta wasu daga cikin masu ba da gudummawa. Idan asusun gari ya ga kuɗi sun ragu, kuma a gabansa akwai iyalin da za su cire yara uku daga makaranta da kuma ofishin da ke shirya bita, ba sai an faɗa maka wanda za a yanke ba. Ofisoshin ilimi na garuruwa wasu aka rufe su, wasu aka cusa su cikin ofishin asusun kansa, wasu suka sake suna da aiki. Na New York ya koma The Jewish Education Project. JESNA, wadda take kamar uwar ofisoshin a matakin ƙasa, ta rufe a 2013.

Kan wannan kuma ga wani agogo yana bugawa. AVI CHAI ta daɗe da sanar da cewa ba za ta dawwama ba, za ta kashe dukiyarta ta rufe, kuma ta kammala ba da tallafinta a ƙarshen 2019. Ƙungiyoyin nan biyar duk suna shan nono ɗaya ne, kowacce da shugabanta da akawunta da taronta na shekara, suna bin attajirai ɗaya da ƙoƙon bara biyar. Masu ba da kuɗin suka ce a haɗe. Tun kafin haɗewar ma sun fara yin babban taro tare, sun kuma gano cewa shugaban makarantar Rifom da na Otodoks abu ɗaya ke hana su barci: albashi, ƙarancin malamai, da iyaye masu neman ragi. Aka ɗauko Paul Bernstein, mutumin Birtaniya, ya zama shugaban sabuwar ƙungiyar na farko.

A ganina haɗewar daidai ce, kuma an ga amfaninta a watan Maris na 2020, lokacin da makarantar SAR ta unguwar Riverdale a New York ta kasance cikin makarantun farko da korona ta rufe a Amurka. A irin wannan rana samun wuri ɗaya da shugabannin ɗaruruwan makarantu za su tambayi juna yadda ake karatu ta intanet da yadda ake neman bashin gwamnati ba ƙaramin abu ba ne. Amma kada a ɗora wa haɗewar abin da ba ta iya ɗauka. Abin da aka tsimi ta hanyar rufe ofisoshi huɗu ɗigo ne in aka gwada da biliyoyin dalolin da makarantun ke kashewa kowace shekara, waɗanda mafi yawansu albashin malamai ne. Ba a rage wa ko uba ɗaya kuɗin makaranta don Prizmah ta samu ba. Akwai kuma abin da aka rasa. Ƙaramar makarantar Rifom da a da take da ƙungiyar da ta san ta ciki da waje, yanzu murya ɗaya ce cikin ɗaruruwa. Kuma babban abin lura: Torah Umesorah ba ta shiga ba, makarantun Hasidi, waɗanda wani babban reshe ne na Haredi, su ma ba su cikin lissafin. Ke nan gyaran da aka yi ta yayatawa bai taɓa mafi yawan yaran ba.

Su waɗancan ina suke samun nasu tallafin? A nan maganar gwamnati ta shigo, kuma nan ne kullin ya fi wuyar kwancewa. Kundin tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati kafa addini, jihohi fiye da talatin kuma suna da nasu sharaɗin da ya hana ba makarantar addini kuɗin jama'a, abin da ya samo asali daga ƙiyayyar da aka yi wa makarantun Katolika a ƙarni na 19. Sai dai kotu ta yi ta buɗe ƙananan tagogi. A 1947, a shari'ar Everson, Kotun Ƙoli ta yarda a biya kuɗin motar ɗalibai. A 1968, a shari'ar Allen, ta yarda jihar New York ta ara wa yaran makarantun addini littattafan boko. Hujjar ita ce yaron ake taimaka wa, ba makarantar ba. Daga wannan hujja aka gina tsari guda: mota, littafi, abincin rana ga 'ya'yan talakawa, malamin da ke taimakon mai rauni a karatu, da kuɗin da New York ke mayar wa makarantu masu zaman kansu tun shekarun 1970 saboda ayyukan da doka ta tilasta masu, kamar ɗaukar sunayen masu zuwa da gudanar da jarrabawar jiha. Wato a Amurka kuɗin gwamnati bai shiga ta ƙofar aji ba, ta ƙofar hidimar tallafi ya shiga.

Iyakar wannan hanya ta bayyana a ƙauyen Kiryas Joel na mabiya Satmar, ɗaya daga cikin ɗariƙun Hasidi. Jihar New York ta yanka masu gundumar ilimi tasu don yaransu masu naƙasa su sami kulawa ba tare da sun fita cikin al'ummarsu ba, Kotun Ƙoli ta soke dokar a 1994. Amma daga baya iska ta sauya. A 2002 kotun ta halatta takardar tallafin karatu da iyaye ke kaiwa makarantar da suka zaɓa, a shari'ar birnin Cleveland. A 2020 a shari'ar Montana, da 2022 a shari'ar Maine, ta yanke cewa jihar da ta zaɓi tallafa wa makarantu masu zaman kansu ba ta da ikon ware na addini. Wannan hukunci bai tsaya kan Yahudawa ba, makarantun Katolika da na Musulmi a Amurka duk ya shafe su. Ƙungiyoyin Otodoks, wato Agudath Israel da kuma Teach Coalition da Orthodox Union ta kafa a 2013, su ne ke zarya a majalisun jihohi kan wannan. Yahudawa masu sassaucin ra'ayi kuwa da yawansu sun daɗe suna adawa, don a ganinsu katangar da ke tsakanin gwamnati da addini ita ce ta kare tsiraru irinsu tun farko. Tsaro ne kaɗai ya kusa haɗa bakin kowa, musamman bayan kisan mutum 11 a majami'ar Tree of Life ta Pittsburgh a watan Oktoba na 2018. Kuɗin da gwamnatin tarayya ke ba wuraren ibada da makarantu don gyara ƙofofi da sa kyamarori ya kai dala miliyan 305 a 2023.

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Dokar New York tun ƙarshen ƙarni na 19 ta ce karatun makaranta mai zaman kanta dole ya yi daidai da na gwamnati a muhimman fannoni. A 2012 Naftuli Moster, wanda ya tashi a cikin al'ummar Hasidi, ya kafa ƙungiyar YAFFED yana ƙorafin cewa ana yaye samari ba su iya rubutun Turanci da lissafi ba. A watan Satumba na 2022 jaridar New York Times ta wallafa binciken da ya ce makarantun samari na Hasidi sun karɓi fiye da dala biliyan ɗaya na kuɗin gwamnati cikin shekara huɗu, alhali sakamakon ɗalibansu a jarrabawar jiha ya yi ƙasa ƙwarai. Shugabannin al'ummar suka ce an yi masu kuɗin goro, an kuma raina zurfin karatun Talmud. Ni dai ina ganin iyaye suna da haƙƙin tarbiyyar 'ya'yansu a kan addininsu, kuma ban ga yadda wannan haƙƙin ya kai ga barin yaro ya girma bai iya cike takardar neman aiki ba. A gundumar East Ramapo ta jihar New York abin ya ɗauki wani salo mai ɗaci: 'yan Otodoks sun rinjayi kwamitin ilimi na gundumar, 'ya'yansu suna makarantu masu zaman kansu, yaran makarantun gwamnati kuma galibi baƙar fata ne da 'yan asalin Latin Amurka. Rigimar raba kuɗin mota da na yara masu buƙata ta musamman ta kai har jiha ta tura masu sa ido.

Dubi wasu ƙasashe kaɗan ya isa ya nuna cewa ba dole abin ya zama haka ba. A Ingila gwamnati ce ke ɗaukar nauyin makarantu irin su JFS ta London, iyaye su ba da gudummawar ganin dama don darussan addini. Sakamakonsa, kaso mai yawa na yaran Yahudawa suna makarantun Yahudawa. Farashinsa kuma, a 2009 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce wa JFS ba za ta ɗauki ɗalibi bisa asalin mahaifiyarsa ba. A lardin Ontario na Kanada gwamnati tana biyan makarantun Katolika, amma ba ta biyan na Yahudawa. Kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce wannan wariya ce a 1999, amma ba abin da ya sauya, kuma John Tory, jagoran 'yan adawa na lardin da ya yi alkawarin gyara hakan, ya sha kaye a zaɓen 2007. Da al'ummar Toronto ta ga ba sarki sai Allah, sai ta koma ga aljihunta: a 2017 makarantar sakandare ta TanenbaumCHAT ta yi amfani da wata babbar kyauta ta sauke kuɗin makaranta daga kusan dala 28,000 ta Kanada zuwa 18,500, ɗalibai kuwa suka ƙaru. Wannan ya tabbatar da abin da iyaye suka daɗe suna faɗa, cewa ba sha'awa ce ta ƙare ba, farashi ne ya kore su.

Darasin Toronto ne ya sa hankali ya karkata ga waƙafi, wato dukiyar da ake ajiyewa ana cin ribarta kawai. Chicago da yankin MetroWest na New Jersey sun yi gaba a wannan, inda aka tara asusu ɗaya don makarantun gari gaba ɗaya, har a MetroWest aka ƙayyade cewa iyali masu matsakaicin samu ba za su biya fiye da wani kaso na abin da suke samu ba, komai yawan yaransu. Su ne dama aka fi matsewa, don sun fi ƙarfin rangwame kuma ba su kai ga biya cikin sauƙi ba. Abin da nake tsoro shi ne ko a nan ɗin ma tallafin karatu ne ke jan masu bayarwa, domin yaron da aka biya wa kuɗi ana iya nuna hotonsa. Albashin malamin Ibrananci da ke shirin barin aiki, da mai horas da wanda zai gaje shi, har yanzu suna jiran kyautar shekara-shekara ne daga gidauniyoyi 'yan ƙalilan, kuma AVI CHAI ta riga ta nuna cewa gidauniya tana iya tashi.

Yanzu kuma ga sabon babi. Dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2025 ta tanadi cewa daga 2027 mai biyan haraji zai iya ba ƙungiyar tallafin karatu har dala 1,700 a cire masa daga harajin tarayya, amma sai a jihar da ta amince ta shiga tsarin. Florida ta riga ta buɗe tallafin karatu ga kowane iyali tun 2023, iyalan Otodoks kuma suna ta ƙaura can. Kuɗin nan ba zai zo da kansa ba. Sai an kafa ƙungiyar da za ta karɓa, an bi dubban mutane ɗaya bayan ɗaya an shawo kansu, an tantance samun kowane iyali, an kai rahoto ga hukuma. Lakewood da Brooklyn suna da yawan jama'a da gogaggun ma'aikatan da za su yi wannan. Makaranta mai ɗalibai tamanin a wani gari na tsakiyar Amurka, wadda shugabanta shi ne mai neman kuɗi kuma shi ne malamin aji shida, ofishin garin da a da zai cike mata waɗannan takardu yana cikin waɗanda aka fara yankewa bayan 2008.